Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Wudil Kan Bayyana Tallafin Haya Ga Mai Gida

Mai girma Shugaba,



Tallafin haya shi ne duk wani kuɗi ko rangwame da mutum ke samu daga gwamnati, ko daga wurin aikinsa, ko daga wata hukuma ko wani mai hali, domin ya rage masa nauyin biyan kuɗin wurin kwana. Abin da wannan wasiƙa ta ɗauko daga mazaɓar Dagumawa tambaya ce mai harshe biyu. Idan mai samun irin wannan tallafi ya je neman ɗaki, shin dole ne ya sanar da mai gida? Shi kuma mai gida, iya ina haƙƙinsa na tambaya ya tsaya?

A da, tambayar ba ta da gurbi a ƙauyukan ƙasar Wudil. Malamin makaranta ko malamin asibiti da aka turo gari, wurin dagaci ko mai unguwa yake sauka, a nema masa shago ko soro, wani lokaci ma har da ƙwaryar tuwon dare. Abin da ya sauya lamarin shi ne yawan baƙi. An buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a Wudil a 2001, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ga kasuwar Kara da ke ci kowace Juma'a, ga babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa gari. Ɗaki ya zama haja. Mutanen Dagumawa, kamar na sauran mazaɓu 9 na ƙaramar hukumar, suna ɓangarorin biyu na wannan ciniki: a cikinsu akwai wanda ya sayar da amfanin gona ko shanu ya gina ɗakuna yana bayarwa haya, akwai kuma wanda ɗansa ke neman ɗakin da zai zauna a cikin garin Wudil ko a birnin Kano.

Najeriya ba ta da wani tsari guda da gwamnati ke biya wa talaka kuɗin haya kai tsaye. Abin da ake da shi gutsattsari ne, kowanne da ƙofar da yake shigowa. Tun 2003, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, gwamnatin tarayya ta fara janye hannu daga bai wa ma'aikata gidaje da motoci, ta mayar da su kuɗi a cikin albashi, saboda haka kuɗin hayar ma'aikaci yana dunƙule ne a abin da yake ɗauka ƙarshen wata. 'Yan bautar ƙasa suna karɓar alawus na Naira 77,000 tun watan Maris na 2025, bayan shekarun da suka yi a kan Naira 33,000, kuma ƙa'idar hukumarsu ta ɗora wa wurin da aka tura su aiki ya ba su masauki ko ya biya su madadinsa. Ɗalibai kuma suna da asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan ya tura wa ɗalibi Naira 20,000 duk wata na ɗawainiyar yau da gobe. Wannan bashi ne marar ruwa da za a fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, amma a hannun ɗalibai da yawa, shi ake tarawa a cika kuɗin ɗaki. Sai kuma tallafin da ya girme duk waɗannan, wanda ba ya cikin kowace takardar gwamnati: matar da mijinta ya rasu wadda wani ɗan'uwa ke biya mata haya, ko dattijon da ake cire wa daga zakkar wani attajiri duk shekara.

Bayyana kowanne daga cikin waɗannan yana jawo wa ɗan haya ɗayan abu biyu, kuma dukansu ba alheri. Na farko ƙarin kuɗi. Da yake babu tsayayyen farashi, dillali yakan auna mai neman ɗaki kafin ya yanka masa kuɗi, kuma la'adarsa tana hawa ne gwargwadon hawan kuɗin hayar. Wanda ya ce ma'aikacin tarayya ne, ko ya ce ofis ne zai biya masa, ya ba da wuƙar da za a yanka shi da ita. Ɗan bautar ƙasa ma bai da abin ɓoyewa, domin kakinsa ya riga ya tona masa asiri, kuma gidajen rediyo sun sanar da duniya nawa yake karɓa tun kafin kuɗin su shiga asusunsa. Na biyu kuma ƙi. Wanda ya ce da lamunin gwamnati zai biya, ko wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyinsa, sai mai gida ya fara lissafin ranar da tallafin zai yanke. Sananne ne cewa masu gidaje da dama suna da jerin mutanen da suke gudu tun asali, irin su gwauro da bazawara da lauya da mai kaki. Mai karɓar tallafi yana neman shiga wannan jeri ne, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Tsoron mai gida yana da tushe, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba shi da shi. Mutumin da ya zuba gumin shekara goma a ɗakuna huɗu, da kuɗin hayarsu yake sayen taki, da su yake aurar da 'ya'ya. Kuɗin gwamnati kuwa an san halinsu da makara. Fitar da ɗan hayar da ya kasa biya aiki ne mai cin rai, da notis da zaryar kotu da ganin ido na maƙwabta. Saboda haka mai gida yana da cikakken haƙƙin ya tabbatar wanda zai miƙa wa mabuɗi zai iya biya. Sai dai sanin cewa mutum zai iya biya daban, sanin inda kuɗinsa suke fitowa daban. Rikicin duka ya taso ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan batu ita ce Ingila, kuma abin da ya faru a can yana da amfani a sani. An kafa tallafin haya na gwamnati da wata doka ta 1982. Daga 2008 aka koma tura kuɗin zuwa hannun ɗan haya maimakon mai gida, sai dai idan bashin haya ya kai na mako takwas, a nan mai gida zai iya neman a riƙa biyansa kai tsaye. Da zarar kuɗin sun koma hannun ɗan haya, sai ya zama yana iya kama gida ba tare da mai gidan ya san da tallafi yake biya ba. Masu gidaje da dillalansu kuma sun riƙa rubutawa a tallan gidajensu cewa ba sa son mai karɓar tallafi. A watan Yulin 2020 wata kotu a birnin York ta yanke hukuncin cewa wannan wariya ce da ta saɓa wa dokar daidaito ta 2010, saboda mata da naƙasassu ne suka fi yawa a cikin masu karɓar tallafin. A watan Oktoban 2025 kuma aka kammala sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, wadda ta haramta ƙin ba mutum gida don kawai yana karɓar tallafi ko yana da yara, amma ta bar wa mai gida damar binciken ko kuɗin shigar mutum za su iya ɗaukar hayar. A Amurka tsarin ya sha bamban. A ƙarƙashin shirin da aka kafa a 1974, hukuma ce ke biyan kasonta kai tsaye ga mai gida, ɗan haya ya biya wajen kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, don haka ɓoyewa ba ta ma taso ba, tunda sai mai gida ya sa hannu.

Akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kansa. A waɗancan ƙasashe wata-wata ake biyan haya, saboda haka mai gida yana cikin fargaba sau goma sha biyu a shekara. A Wudil da Kano galibi kuɗin shekara guda ake ajiyewa kafin a karɓi mabuɗi. Mai gidan da ya ƙirga kuɗin wata goma sha biyu ya sa a aljihu ba shi da sauran hasarar da yake tsoro a wannan shekarar, ko daga albashi kuɗin suka fito, ko daga lamuni, ko daga zakka. Ɗan haya ne ma ya ɗauki kasada, domin shi ya biya abin da bai riga ya mora ba. Idan har Ingila, inda mai gida yake da hujjar fargaba, ta ga dacewar taƙaita masa bincike, to a nan hujjar binciken ta fi rauni nesa ba kusa ba.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Kano, daga Risala zuwa Muhtasar, ya riga ya tsara wannan ciniki a babin ijara da haya. Abin da ake buƙata domin hayar gida ta inganta shi ne masu ƙulla ta su zama waɗanda cinikinsu ke halatta kuma su yarda, a san gidan, a san amfanin da za a yi da shi kuma ya zama halal, a san kuɗin, a san lokaci. Sanin inda ɗan haya ya samo kuɗinsa na halal ba ya cikin sharuɗɗan. Shirun ɗan haya a kan tallafin da yake samu bai zama algus ba, domin bai rage wa mai gida ko ƙwandala ba. Inda shari'a ta tsananta shi ne ɓoye aibin abin da ake bayarwa, kuma wannan nauyi ya fi karkata ga mai gida, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin mamaki ne a tsare mai neman ɗaki da tambayar albashinsa a watan rani, alhali ba a gaya masa cewa ruwa yana kwanciya a tsakar gidan da damina ba.

Wannan sassauci yana da iyaka. Shiru halal ne, ƙarya haramun ce. Ɗan hayar da aka tambaya yana iya cewa ba zai faɗa ba, mai gida kuma ya zaɓi ya ba shi ko ya hana shi, amma ba shi da damar ya ce shi ɗan kasuwa ne alhali da lamunin karatu yake biya. Haka nan idan mai gida zai yi masa lamuni, wato ya shiga ɗaki ya riƙa biya a hankali ko sai ƙarshen shekara, to maganar ta koma bashi, kuma mai ba da bashi yana da haƙƙin sanin abin da aka dogara da shi wajen biya. A nan ne ya kamata a faɗi gaskiyar tallafin, da lokacin da yake zuwa, da yiwuwar ya makara. Na uku, idan wani ne zai riƙa biya kai tsaye a madadin ɗan haya, ko ofis ko ƙungiya ko ɗan'uwa, dole mai gida ya san wanda zai bi idan kuɗi ba su zo ba. A wajen waɗannan wurare uku, abin da ya fi dacewa da tarbiyyar Bahaushe shi ne rufin asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da ake biya wa haya daga zakka, in dai kuɗin sun cika a hannunta, ba ta da buƙatar dillali ya san haka, balle labarin ya zaga majalisar ƙofar gida kafin ta shigar da kayanta.

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. Wannan doka ta kawo abin da ya fi kowane tsari kama da tallafin haya na gaskiya a Najeriya. Ta soke dunƙulallen rangwamen da ake yi wa kowane mai albashi a da, ta kawo rangwamen haya: ana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara daga cikin kuɗin shigar da za a caje shi haraji a kansu, matuƙar abin da za a cire bai wuce Naira 500,000 ba. Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kansu, Naira miliyan 2.2 da ke biye kuma ana cire kashi 15 cikin 100. A misali, ma'aikacin da ke wannan mataki, wanda ke biyan hayar Naira 300,000, za a cire masa Naira 60,000 daga lissafi, abin da zai rage masa harajin Naira 9,000 a shekara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma mai mafi ƙarancin albashi ba zai ga komai ba tunda dama an ɗauke masa haraji. Duk da haka, ga malamin sakandare ko ma'aikacin jami'a, haƙƙinsa ne.

Sharaɗin samun rangwamen shi ne mutum ya bayyana wa hukumar haraji ainihin kuɗin hayar da ya biya, tare da bayanan da hukumar ta nema. A nan kiɗa ya sauya. A da ɗan haya ne ke tsoron mai gida ya san sirrinsa, yanzu mai gida ne ke tsoron ɗan haya ya kai sunansa gaban hukuma, domin kuɗin haya suna cikin kuɗin shigar da doka ta ɗora wa haraji. Ɗan haya ba shi da hujjar abin da ya biya sai da rasit ko takardar yarjejeniya, kuma yawancin hayar da ake yi a ƙasar Wudil da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali da wani maƙwabci, a tafa a rabu. Ranar da ɗan haya ya nemi rasit, ya bayyana kansa ke nan ko bai so ba. Abin da zai biyo baya ba ya buƙatar duba: wani mai gidan zai hana rasit, wani zai rubuta ƙasa da abin da ya karɓa, wani zai ɗora harajin da yake hasashe a kan kuɗin haya, wani kuma zai daina bai wa ma'aikata ɗaki gaba ɗaya. Mafi yawan wannan fargaba rashin bayani ne ya haife ta. Manomin da ke da ɗakuna huɗu yana karɓar, a misali, Naira 60,000 a kan kowanne, ya tara Naira 240,000 ke nan a shekara, kuma muddin jimillar kuɗin shigarsa ba ta haura Naira 800,000 ba, dokar ba ta neman ko sisi a wurinsa. Ba wanda ya zauna ya yi masa wannan lissafi da Hausa.

Jihar Legas ta taɓo wani ɓangare na matsalar tun 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, da dokar haya wadda ta wajabta wa mai gida bayar da rasit mai ɗauke da kwanan wata da sunayen ɓangarorin biyu da wurin da gidan yake da kuɗin da aka biya da tsawon lokacin, ta kuma haramta karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya. An sha kukan cewa ba a bin dokar yadda ya kamata, amma ta bar wa ɗan haya abin riƙewa a gaban alƙali. Rubuta irin wannan mu'amala kuwa ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Yin dokar haya aikin Majalisar Dokokin Jiha ne, ƙaramar hukuma ba ta da wannan hurumi. Amma kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya damƙa wa ƙananan hukumomi sanya wa tituna suna, da sanya wa gidaje lamba, da ƙiyasta gidajen mutane domin harajin gine-gine. Hukumar da ke da alhakin sanin gidaje ita ta fi cancanta ta shiga tsakanin masu su da masu zama a cikinsu. Kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a sun ƙara zuba ido su ga abin da ofishin Shugaba zai yi da kansa ba tare da jiran Kano ba.

Abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Takarda ce mai shafi guda, da Hausar boko a gaba da ajami a baya, wadda za a buga a ajiye wurin dagatai da masu unguwanni da kuma ofishin kula da ɗalibai na jami'a. A cikinta a rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, da ɗakin, da kuɗin, da ranar shiga da ranar ƙarewa, da la'adar dillali da wanda zai biya ta, da aibin da ɗakin yake da shi, da tsawon notis, da shaidu biyu. A bar gurbi guda na wanda ya tsaya wa ɗan haya, domin mai tsayawa sananne a unguwa ya fi kwantar wa mai gida da hankali fiye da ganin takardar albashi. Gurbin mai biya a madadin ɗan haya kuma a cike shi kawai idan wani ne zai biya kai tsaye, ko kuma idan bashi za a shiga. Kada a sa gurbin tambayar albashi ko alawus ko tallafi. A ƙasan takardar a haɗa rasit da za a yage a bai wa ɗan haya duk lokacin da ya biya.

Akwai tarko guda da zai iya kashe wannan shiri tun ranar farko, wato a mayar da takardar hanyar farautar masu gidaje da haraji. Idan mutanen gari suka fahimci cewa duk wanda ya sa hannu, washegari ma'aikatan kuɗin shiga za su ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba wanda zai sake taɓa ta. Ya kamata takardar ta tsaya a hannun masu yarjejeniya da shaidunsu, ƙaramar hukuma ta tsaya a bugawa da rabawa. Maganar haraji a yi ta a fili a wani zama daban, a gayyato jami'an Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano su zo Wudil su zauna da masu gidaje da dillalai, su faɗa musu da bakinsu wanda haraji ya hau kansa da wanda bai hau ba. Limaman Juma'a kuma su ɗauki babin ijara a huɗuba, su bayyana wa mai gida haramcin ƙara wa mutum kuɗi a tsakiyar wa'adin da aka yi yarjejeniya a kansa don an ji an ƙara masa alawus, su bayyana wa ɗan haya haramcin ƙarya da taurin bashi.

Mai girma Shugaba, ana roƙon ofishinka ya kira zaman dagatai da masu unguwanni da dillalan gidaje da wakilan ɗalibai kafin jami'a ta ɗebi sababbin ɗalibai, tunda lokacin ne kuɗin ɗaki ke tashi. Ana kuma roƙon majalisar kansiloli ta rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar Wudil ya gabatar da ƙudurin da zai wajabta bayar da rasit a faɗin jiha, ya kuma hana ƙin bai wa mutum haya saboda tallafin da yake karɓa. Idan za a gwada takardar a mazaɓa guda kafin a yaɗa ta, a fara da Dagumawa.

Wassalam.

Daga wani mazaunin mazaɓar Dagumawa,
Ƙaramar Hukumar Wudil, Jihar Kano.